Mai son zaman ritaya a Gozo, ka fara zuwa da hunturu

Jama'a, kada ku sa hannu a hayar shekara a Gozo, ƙaramin tsibiri na ƙasar Malta, kafin ku ɗanɗani sanyin wurin. Ku je tsakanin Nuwamba da Maris, ku kama gida na wata biyu.

Lokacin 'yan yawon buɗe ido sun watse, gidajen Marsalforn da Xlendi, garuruwan bakin teku, babu kowa, mai gida na sassauta farashi. Sannan za ka ga gidan da gaskiyarsa. Ginin farin dutse ne, yana shan danshi, galibi ba na'urar ɗumama ɗaki. Shafa bango, leƙa bayan kabad, tambayi kuɗin wuta.

In ya yi maka, nemi na dindindin a garuruwan cikin tsibirin, Nadur ko Xagħra. Haya a nan ba ta kai ta Sliema da ke babban tsibirin Malta ba, kuma tun Oktoba 2022 bas kyauta ce ga mai katin hawa bas na Tallinja. Mai jin Larabci ma zai tsinci kalmomi a yaren mutanen Malta.

Amma fa hayar hunturu kan ƙare da shigowar zafi, mai gida zai so kayansa. Mai yawan ganin likita kuma ya sani babban asibiti, Mater Dei, yana tsibirin Malta, sai ka hau jirgin ruwa na minti 25 daga tashar Mġarr ta Gozo. Mai fasfon da ba na Tarayyar Turai ba, fara da takardar izinin zama.