Shawara ga mai harhaɗa Python a tsohuwar kwamfuta

Jama'a, duk wanda zai harhaɗa Python (yaren rubuta manhaja) daga tushensa a tsohuwar kwamfutar tebur mai Debian ko Ubuntu, ya fara girka kunshin manhajojin da aikin yake buƙata, wato libssl-dev da zlib1g-dev da libffi-dev, domin idan babu na farkon, aikin zai kammala kamar lafiya, amma pip, mai girka ƙarin kunshin Python, ba zai iya sauko da komai daga intanet ba. Idan ƙwaƙwalwar injin (RAM) ba ta wuce gigabait 2 ba, a ƙara swap (wurin da ake warewa a diski don taimaka wa ƙwaƙwalwar), a kuma tsaya a umarnin make -j2, wato ayyuka biyu kawai a lokaci guda. Ni ba na sa --enable-optimizations (zaɓin da ke ƙara wa Python sauri) a irin waɗannan injuna, saboda yana harhaɗawa sau biyu tare da gwaje-gwaje, fanka tana ta kuka. A ƙarshe a yi make altinstall, don kada sabon ya sha gaban python3 ɗin da tsarin yake dogaro da shi.