Yadda za ki zaɓi miksa ta tsaye wadda ba za ta mutu miki a kan kwaɓi ba

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Duk sadda Sallah ta matso ko anka sa ranar wani biki, tambaya ɗaya ce 'yan matan da nake koya wa kek da cincin a gida suke ta yi min: Anti wace miksa zan saya? Wasu kuma sai bayan sun saya suke zuwa, an riga an kashe kuɗi, a turo min hoton kwali a ce Anti duba min ko mai kyau ce. To shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, don wallahi raina yana ɓaci in ga yarinya ta yi adashi wata da watanni, ko uwa ta matse ta sa wa ɗiyarta a kayan kicin, wata uku ba a rufa ba abu ya zama kayan ado a saman kabad.

Abu na farko, tun kafin ki taka ƙafa kasuwa, ki zauna ki tambayi kanki me kike yi a kicin ɗinki. In kek ne kawai da ɗan ayisin sau ɗaya a wata, ki riƙe kuɗinki, miksar hannu ta ishe ki. Ta tsaye ta mai yin donat ce da burodi da cincin da mit fai, ko mai karɓar oda, wadda hannunta ya fara gaya mata gaskiya. Kuma ki lura, akwai wata da ake sayarwa da sunan ta tsaye alhali miksar hannu ce anka ɗora a kan ƙafa, kwanon ne ke juyawa, ƙarafa biyu sirara na kaɗawa wuri guda. Wagga ba ita nake nufi ba. Ta gaskiya kwanonta a kulle yake ba ya motsi, ƙarfe ɗaya ne babba yana juya kansa kuma yana zagaye kwanon, kamar dai yadda kike bin tukunya da muciya in kina tuƙin tuwo. In ba ki ga wanga zagayen ba ki wuce gaba.

Sai na biyu, kuma nan ne zan daɗe, don nan ne ni kaina na ƙone. Kada ki sayi miksa saboda lambar wat da anka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Mai shago zai ce miki Hajiya wagga wat 1500 ce, waccan 1000, ki ɗauki mai ƙarfi. Wat ɗin nan wutar da injin ke sha ce, ba ƙarfin da ke isa ga kwaɓi ba. Ki duba KitchenAid Artisan ta Turai mai kwanon lita 4.8, wat 300 kacal anka rubuta mata, amma masu gasa burodi a gida a duniya da ita suke aiki shekaru, nauyinta ya haura kilo 10 saboda jikinta ƙarfe ne. Abin da ke riƙe miksa shi ne injin da haƙoran da ke cikin kanta, waɗanda masu gyara ke ce wa giya.

Ni tawa ta farko jajaya ce mai sheƙi, kwalin ya ce wat dubu da wani abu, na ɗauko ta da hannu ɗaya daga shago ina murna ba ta da nauyi. Kek ta yi min shi lafiya lau, bota da suga sun tashi fari tas. Sai ana saura kwana biyu ƙaramar Sallah, azumin ya faɗo cikin zafin nan namu na Sakkwato da ko da dare bango ke huci, ina da odar cincin da donat ta gidaje huɗu. Bayan tarawi na juye fulawa mudu biyu a kwanon lita biyar, na zuba bota da ƙwai da madara, na sa ƙugiya, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ke murza kwaɓi, na murɗa miksar lamba biyar don in gama da wuri. Da farko kan ya fara rawa yana ɗagawa yana dukan kwano, ban kula ba. Sai ƙarar ta canja, ta koma kamar keken ɗinki da zare ya sarƙe, sannan warin roba mai ƙonewa ya cika kicin, injin na kuka amma ƙugiya ta tsaya cak a tsakiyar kwaɓi. Da hannu muka ƙarasa ni da ƙanwata har anka yi kiran sahur. Bayan Sallah na kai wa mai gyara, ya buɗe kan a gabana ya ciro wata 'yar farar giya ta roba ya ɗora min a tafin hannu, haƙoranta sun cinye sumul gefe ɗaya kamar ɓera ya gaigaya. Ya ce Hajiya ba a samun irinta, sai dai ki yi haƙuri. Har yau in na tuna daren nan sai in ji kafaɗata.

Laifi biyu ne ya haɗu a daren, na abin da na saya da kuma nawa. Shi ya sa nake cewa ki ɗaga miksa kafin ki biya. In kinka ɗauke ta da hannu ɗaya ba wahala, ba ta kwaɓi mai tauri ba ce, ko me anka rubuta a kwali. Mai nauyi ita ce ke zama daram a kan kanta in ƙugiya ta kama aiki, mara nauyi tafiya take har ta kusa faɗowa. Ki tambaya giyar ciki ƙarfe ce ko roba, mai shago da yawa ba zai sani ba, to ki ce ya buɗe kwali ya ba ki ɗan littafin. A cikin littafin akwai inda anka rubuta iyakar fulawar da za ta ɗauka in kwaɓin yis ne, da mintin da za ta yi tana aiki kafin a huta da ita. Wanga shafin ya fi duk abin da ke jikin kwali amfani. In babu littafi, ko akwai amma bai faɗi komai a kan kwaɓi ba, ni dai ba na saye.

Maganar girman kwano kuma mutane na ruɗewa. Lita biyar ba ya nufin ki cika shi da fulawa. Ita waccan mai lita 4.8 da na ambata, wajen kilo ɗaya na fulawa ne iyakarta, kuma in kinka zuba ruwa kamar mil 600 a kan kilo ɗaya kin ga kwaɓi ya haura kilo ɗaya da rabi ke nan, ƙugiya na fama da shi. Don haka ki sayi ɗan sikeli, ba shi da tsada, ki auna mudun gidanku sau ɗaya ki san kilo nawa yake ci, don mudu ba ɗaya ba ne, na wata kasuwa ya fi na wata. Mai yi wa gida kawai, lita 4.5 zuwa 5 ya isa. Mai oda ta nemi lita 6.5 zuwa 7, irin girman Kenwood Chef XL mai lita 6.7. Amma ki sani babban kwano ba ya son ƙaramin aiki, in ƙwai biyu za ki kaɗa maburgin ba zai ma taɓo su da kyau ba. In kuwa har kin kai matsayin da kike ƙarar da buhun kilo 50 a sati biyu, kin wuce miksar gida, injin masu gidan burodi za ki fara tarawa kuɗi.

Kuma in kin saya, don Allah kwaɓi a kan lamba ɗaya ko biyu ake yinsa. Su kansu masu KitchenAid lamba 2 suka ce ga kwaɓin yis. Gudu na maburgi ne. Cincin da mit fai ma ba sa son dogon murza, ni da faffaɗan ƙarfen nan na haɗa kek nake fara murje bota cikin fulawa har ta yi kamar gari mai laushi, sannan in sa ƙugiya in zuba ruwan, da zarar ya haɗe jikinsa in kashe in ƙarasa a kan tebur. Donat da burodi ne ke son murza sosai, su ma in kinka taɓa kan miksar kinka ji ya yi zafin da hannu ba ya jimrewa, kashe ki ba ta minti goma sha biyar. A watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 injin ba ya samun iskar da zai huce, gara ki yi kwaɓinki da sassafe bayan asuba, bota ma ba ta narke miki ta zama mai kafin ta tashi.

Na uku wuta. Wutarmu ta Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Na ga yarinyar da yayanta ya aiko mata da miksa mai tsada daga Amurka, murna ta sa ta nemo adafta ta jona kai tsaye, ko minti ɗaya ba a yi ba hayaƙi ya tashi. Kuka ta yi sosai kuma ni ma na taya ta jin zafin. Ki juya miksa ki duba 'yar takardar da ke manne a ƙasanta, in kinka ga 220 zuwa 240 to tamu ce, in 110 ko 120 ne sai da tiransifoma mai rage wuta, kuma babba wanda ya fi ƙarfin miksar. Wanga ya fi shafar masu sayen na hannu, tokumbo, don a cikinsu ake samun na Amurka sun gauraya da na Ingila. Ni kam in za a kawo miki tsaraba ki roƙa a sayo daga Ingila ko Dubai ko Saudiyya, su wutarsu ta yi daidai da tamu, filoginsu ma mai baki uku ne irin namu.

In wuta ta zo rabi-rabi, fanka na juyawa da ƙyar, kada ki kunna miksa, injin zai yi ta ja yana zafi a banza. Stabilaiza ki sa shi cikin lissafin kuɗin tun farko. Masu ƙaramin janareta da masu sola kuma ku duba ƙarfin inbatarku, a nan ne lambar wat take da amfani, don injin yana jan wuta fiye da ƙima lokacin tashi, in firij na kai ga miksa mai wat 1200 sai komai ya ɗauke.

Na huɗu gwaji a shago. Ko a Babbar Kasuwa ne ko shagunan kayan wuta na cikin gari, ki ce Malam don Allah a jona min in gani, kada ki ji kunya kuɗinki ne. Ki bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, lamba ɗaya ta tashi a hankali, in tun a farko ta zabura da gudu fulawa za ta riƙa watsa miki a fuska. Ki kulle kan ki girgiza shi da hannu, in yana lilo tun ba a sa kwaɓi ba to kin ga abin da zai faru. Ki duba ƙarafa uku sun cika, ƙugiya da faffaɗan na kek da maburgin waya, ki sa faffaɗan ki leƙa ki ga tazarar da ke tsakaninsa da gindin kwano, ya kusa taɓawa amma kada ya goga, in tazarar ta yi yawa bota za ta kwanta a ƙasa ba ta haɗu ba. Kwano kuma silba mara tsatsa, ban yarda da na roba ba, maiƙo na maƙalewa a jikinsa farin ƙwai ya ƙi tashi, ga shi na silba kina iya jefa shi a firij ya yi sanyi kafin ki buga kirim.

Waɗanda ke zuwa da bilenda da injin niƙa nama a jiki ɗaya, ni ba su burge ni, in injin ya mutu abu uku kinka rasa rana guda. Launi kuwa ki bar shi ƙarshe.

In kuɗi bai kai ga sabuwa mai kyau ba, tsohuwar Kenwood Chef ta hannu da anka gwada a gabanki ta fi min sabuwa mara nauyi, tun 1950 ake yin irinta kuma ana samun kayan gyaranta. Farashi ban sa ba don kusan kullum canjawa yake, ki zagaya shago uku kafin ki yanke. Ki karɓi rasit, ki tambaya in ta samu matsala cikin wata nawa za a canja miki. Masu oda ta intanet ku nemi a yi muku bidiyon ta tana juya kwaɓi na gaske, ba kwano wayam ba. In ta iso gida a ɗinka mata riga da ragowar atamfa saboda ƙurar hunturu, kada a jiƙa ƙugiyar alminiyam cikin ruwa ta kwana don baƙi take yi, kuma ranar farko ki fara da rabin kilo na fulawa ki saurari ƙararta.