Yadda Mai Zane Zai Tafi da Launin Damagaram Ƙasar Waje

Mai zanen da ya bar Damagaram ya koma zama Faransa ko Kanada ba ya saurin manta siffar gari. Ƙofar fada, lungunan Birni, manyan duwatsun da gidaje suka jingina da su, hannu yana riƙe su shekara da shekaru. Launi ne ke fara kuɓucewa. Kafin a yi hunturu biyu sai ka ga ƙasar da yake zanawa ta koma ja wur, samansa kuma ya yi shuɗi kamar an rina shi a marina, alhali saman Zinder a watan Janairu fari-fari ne, hazo ya shanye shi. Maganin wannan tun a gida ake haɗa shi, kafin a ɗaure kaya.

Fara da littafin launi. Nemi takardar fentin ruwa mai kauri, wadda aka rubuta wa giram 300, don marar kauri tana lanƙwashewa da ta sha ruwa. Kowane shafi na wuri ɗaya ne: wani lungu a Birni, kasuwa a Zango, lambunan Mirriya, tsaunin da kake hango gari daga kansa. Je wurin sau uku, da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya. Kada ka zana komai. Shafa launi kawai, kowane girman kwalin ashana: tsakiyar sama, gindin sama inda ta haɗu da ƙasa, bango a rana, bangon nan dai a inuwa, yashi, dutse. A ƙarƙashi rubuta wata da sa'a da abin da ka gauraya. Ka yi haka cikin hunturu, ka maimaita a watan Agusta, domin gari biyu ne daban. Idan gaban fada za ka zauna, fara gaida dogarai ka faɗi abin da ya kawo ka. Kusa da barikin soja kuwa kada ma ka buɗe littafi.

Hoton waya yana da amfani wajen tuna siffa, amma ba abin dogaro ba ne wajen launi, saboda na'urar tana gyara haske da kanta, ta ƙara wa sama shuɗi, ta share hazo. Sa farar takarda a gefen abin da kake ɗauka, daga baya ka gane iyakar ƙaryar da ta yi.

Ka lura da itatuwa da kyau, don nan ake kama wanda ya daɗe bai zo gida ba. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani yake kore. Wanda ya zana gawo cike da ganye a tsakiyar gero mai kai gwiwa, kowane manomi zai gane an yi kuskure. Kuka kuwa akasin haka take. Goriba tana rabuwa reshe biyu-biyu, giginya tana miƙewa ita kaɗai.

Sai babban aikin, wato mai da ƙasar gida fenti. Ɗebo ta inda magina ke haƙar ta tubali ko bakin kududdufi, kala uku ko huɗu, kowace cikin gwangwanin madara biyu. Kada a kankare bangon kowa, balle tsohon gini mai zayyana. Daka ta, tankaɗe da rariya, zuba cikin bokiti da ruwa ninki biyar, ka dama sosai. Jira kamar minti ɗaya yashi ya kwanta, sannan tsiyaye ruwan mai kauri cikin wani mazubi ta cikin ƙyalle. Bar shi ya kwana. Da safe zubar da ruwan sama a hankali. Laɓun da ya rage a gindi shi ne launin. Shanya shi a faranti, a rufe saboda ƙura, ya bushe ƙarau, sannan a niƙe.

Abin da ke riƙe shi a takarda ƙaro ne, kuma shi ne dai ke cikin fentin ruwan da ake saye da tsada a Turai. Zaɓi farin ƙaro mai tsabta, awo ɗaya a ruwan ɗumi awo biyu, ya kwana ya narke. Kada a tafasa. Tace shi, sa zuma cokali ɗaya a kowane cokali biyar, da ɗigon man kanumfari don kada ya yi fumfuna. Haɗa garin ƙasa da ruwan ƙaron kusan daidai wa daida a kan gilashi, ka yi ta murzawa da gindin kofin shayi har ka daina jin ƙaras-ƙaras, abin da ke cin minti ashirin ko fiye. Zuba a marafen kwalba, a ajiye inda kiyashi ba zai kai ba.

Gwada kafin ka yi da yawa. Shafa a takarda, bari ya bushe, goga da yatsa. In ya biyo yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. In yana ƙyalli yana tsagewa, ya yi yawa. Wanda za a kai ƙasa mai danshi a rage masa zuma da rabi, in ba haka ba zai yi ta danƙo har ya ruɓe. Kuma busasshen fentin za ka ɗauka, ba ɗanyar ƙasa a leda ba: Amurka da Kanada ba sa barin a shiga da ƙasa sai da takardar izini, kuma ma'aikatan duwan za su karɓe ta.

Idan ka isa, hasken can zai rikita ka. A Zinder ko a Disamba rana tana haura digiri 50 da tsakar rana, a Faris kuwa kusan 18 take tsayawa, haskenta ya zo a kwance, da sanyi-sanyi. Duk abin da ka haɗa a bakin taga zai yi maka kamar ya dushe, ka yi ta ƙara ja. Sayi ƙwan fitila mai lamba 5000K, ka riƙa haɗa launi ƙarƙashinsa kullum, littafinka na buɗe a gefe.

Fentin shago kuwa, bi lambar da ke jikin bututun, don suna yana sauyawa daga kamfani zuwa kamfani. Biyar sun isa: PY43 rawayar ƙasa, PR101 jar ƙasa, PBr7 ruwan ƙasa, PB29 shuɗi, PW6 fari. Inuwar bango a haɗa ta da PB29 da PBr7, a ɗan ɗumama ƙasanta da rawaya, saboda yashi yana mayar da haske cikinta. Baƙin fenti yana kashe ta.

Nesa ita ce ta fi ba da wuya. Malaman can za su koya maka cewa abu in ya yi nisa shuɗi yake komawa, kuma a ƙasarsu gaskiya ne. A hunturunmu fari-fari yake komawa mai ɗan rawaya, bakinsa ya narke, rana ta zama kamar farin faifai da ido ke iya kallo. PW6 shi kaɗai yana sa zane ya yi sanyi kamar alli, don haka a karya shi da PY43 da ɗan mitsitsin PBr7, a shafa siriri sau biyu ko uku, kowane ya bushe kafin na gaba. A can wannan jiran zai fi yadda ka saba tsawo, domin takardar da ke bushewa nan take a Damagaram tana iya daɗewa da laima a ɗaki mai sanyi. Taɓa ta da bayan hannu: muddin kana jin sanyi, da sauran ruwa a ciki.