Kurakuran Da Ke Tona Asirin Masu Waya A Kano, Da Yadda Ake Gyara Su

Mafi yawan waɗanda ake kwashe wa kuɗi ko a ƙwace wa WhatsApp a garin nan, ba wani gwanin kutse ne ya fasa wayarsu daga ƙasar waje ba. Ƙofa suka bari a buɗe, kuma ƙofar da aka fi bari ita ce layin waya.

Mutum zai kulle wayarsa da zanen yatsa, hankalinsa ya kwanta, alhali layin da ke ciki babu makulli. Wanda ya fizge waya a A Daidaita Sahu ko a cunkoson Kantin Kwari bai damu da zanen yatsanka ba. Zare layin zai yi ya sa a ƙaramar waya mai madannai, ya danna *565*0#, lambar BVN ɗinka ta fito. Daga nan sai ya bi lambobin bankuna ɗaya bayan ɗaya, kuma duk lambar sirrin da banki zai turo, hannunsa za ta faɗa. Maganin bai kai minti biyu ba: shiga saitin waya, sashen tsaro, ka kunna makullin layi, ka sauya lambar asali da taka. Amma kada ka yi cinke. In ba ka san lambar asalin ba, tambayi kamfanin layinka, domin kuskure uku yana kulle layin sai da lambar buɗe layi ta PUK, wadda ke rubuce a jikin katin da aka ɓalle layin daga ciki. Kuskure goma a PUK kuwa, layin ya mutu, sai ka je ofis da NIN a yanko maka wani. Ranar da waya ta ɓata, kafin jaje da cigiya, fara da rufe layin da sanar da banki.

Haka nan layin da ka daina amfani da shi. In ya yi watanni a ajiye, kamfani yana sake sayar da lambar ga wani. Cire ta daga banki da Facebook da Gmail tun tana hannunka.

Sai lambobi shida na WhatsApp. Za a kira ka da ladabi, a yi maka sallama, a ce daga zauren tsofaffin ɗalibai ne ko na masallaci, za a yi taro da daddare, an turo maka lambar shiga, ka karanto. Wannan lambar ita ce rajistar asusunka. Kana faɗa, an fitar da kai, an fara roƙon 'yan uwanka kuɗi da sunanka. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a sashen asusu, ka sa lambobi shida naka da adireshin imel. In an riga an ƙwace, sake yin rajista da layinka nan take, sabuwar lambar za ta kori ɓarawon. Idan ya riga ya ɗora nasa makullin, za ka jira kwana 7, amma shi ma yana waje. Riƙa leƙa jerin na'urorin da aka haɗa da asusunka, domin mai son karanta hirarka aron wayar minti ɗaya ya ishe shi.

Wurin gyara ma akwai sakaci. A kasuwannin waya na Farm Centre da titin Beirut masu amana sun fi yawa, amma waya ɗaya takan bi hannu uku kafin ta dawo. Canjin gilashi ko wurin caji ba ya buƙatar a bar wa kowa lambar buɗe waya. A gwada a gabanka. Zare layi da memori kafin ka miƙa. Sababbin wayoyin Samsung suna da yanayin gyara da ke ɓoye hotuna da saƙonni. Abin da ya fi ciwo shi ne iyayenmu da ake buɗe wa Gmail a shago ranar sayen waya, da lambar mai shagon, da kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani. A zauna a sauya musu duka biyun. In za ka sayar da waya, goge hotuna bai isa ba: cire asusun Google tukuna, sannan ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

VPN kuwa, wato manhajar da ke buɗe shafukan da aka toshe, da yawa sun san shi ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter, har zuwa 13 ga Janairun 2022. Tun daga nan wasu suka ɗauke shi laya. Aikinsa ɗaya ne: yana ɓoye wa kamfanin layinka shafin da ka shiga, ya nuna kamar daga wata ƙasa kake. Ba ya ɓoye sunanka a abin da ka wallafa, kuma layinka na nan haɗe da NIN. Ba ya kawo sabis inda aka kashe shi. Da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a Satumban 2021, babu VPN ɗin da ya yi amfani. Sannan duk abin da ka ɓoye wa kamfanin layi, ka miƙa shi ne ga mai VPN ɗin. Shi ya sa na kyauta wanda ba a san mai shi ba, mai cike da talla, ya fi rashinsa haɗari. Proton VPN da Psiphon an san masu su, kuma suna da tsarin kyauta. Sauke su daga Play Store, kuma kashe su kafin ka buɗe manhajar banki, don bankin na iya ganin kamar daga Jamus ake taɓa asusunka ya toshe shi.

GBWhatsApp da ake turawa ta Xender don a karanta saƙon da aka goge, ba na kamfanin WhatsApp ba ne. Ba ka san wanda ya taɓa shi ba, kuma ana rufe asusu saboda shi. Manhajojin bashi kuma, izinin ganin lambobin wayarka da ka danna ba ka karanta ba, shi ne suke amfani da shi su kira surukanka ranar da ka yi jinkiri. Tun 2023 Google ya hana su wannan izinin, don haka duk wadda ta nema, ka bar ta.

Tallan da ke faɗowa kan fuskar waya ko ba ka buɗe komai ba, yawanci daga manhajojin “share waya” da “ƙara ƙarfin batir” ne. Duba jerin waɗanda aka ba izinin fitowa a kan sauran manhajoji, ka cire waɗanda ba ka sani ba. In kuma wuri ne ke cika, laifin bidiyon zaurukan WhatsApp ne: kashe saukewa da kai a sashen ajiya da data, ka fara goge fayilolin da suka wuce MB 5.