Kurakuran da aka fi yi wajen saita modem ta layin tarho

Wani lokaci akan kawo wa masu gyaran kwamfuta tsohuwar modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet ta layin tarho, daga wani ofis ko daga kayan gwanjo, a ce ta mutu. Sau da yawa lafiyarta ƙalau, umarnin da aka ba ta ne bai dace da ita ba.

Kuskuren da ya fi cin lokaci shi ne kwafo layin umarni daga wata modem a ɗora wa wata. Kusan dukkansu suna jin umarnin AT, wanda kamfanin Hayes na Amurka ya fito da shi a 1981, amma kowane kamfani ya yi nasa ƙari. Dubi &K3. A modem mai guntun lantarki (chip) na kamfanin Rockwell, shi ke daidaita tafiyar bayanai tsakaninta da kwamfuta. A ta kamfanin USRobotics kuwa &K na matse bayanai ne, aikin daidaitawa yana hannun &H1 da &R2. Za ta amsa maka da OK, ka saki jiki, alhali wani abu daban ta yi. Ni shawarata, goge komai. Rubuta ATI ka san wadda ke gabanka, ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani da AT&F, sannan ka riƙa ƙara umarni ɗaya-ɗaya kana gwadawa.

Sai rikicin 56k, wato gudun bit 56,000 a daƙiƙa. A 1997 hanya biyu ce, x2 ta USRobotics da K56flex ta Rockwell da Lucent, kuma ba sa jin juna, sai da ƙa'idar bai-ɗaya ta V.90 ta zo a 1998. In taka ta kafin nan ce, ɓangaren da take kira kuma bai san hanyarta ba, ba za ta wuce bit 33,600 a daƙiƙa ba. Kada adadin 115,200 da kake gani a allo ya ruɗe ka, gudun da ke tsakanin kwamfuta da modem ne kawai.

In ta rubuta NO DIALTONE alhali ka ɗaga tarho ka ji layi, sa ATX3 ta buga ba tare da jiran sautin ba. A ofis mai lambar fita waje, sa waƙafi bayan lambar, za ta dakata daƙiƙa 2.

Da damina ruwa kan shiga mahaɗar waya, layi ya yi ta ƙara yana yankewa. A nan tilasta mata gudu ɓata lokaci ne. Sauke ta zuwa V.34, wato ƙa'idar gudun 33,600, da umarnin +MS in tana jin sa, ka duba littafinta domin rubutunsa ma ya bambanta. In hadari ya haɗo, zare wayar tarhon daga jikinta, kashe wuta kaɗai ba ya kare ta daga tsawa.