Yadda ake matsa kan wayar sadarwa a haɗa kwamfutocin shago

A shagunan buga takardu na Yelwa da Wunti a Bauchi, za ka tarar da kwamfuta uku ko huɗu da firinta ɗaya, duk an ja musu waya zuwa rauta, wato na'urar da ke raba musu intanet. Da zarar sadarwa ta fara yankewa sai a ɗora wa kamfanin intanet laifi, alhali sau da yawa kan wayar ne aka matsa ba daidai ba.

Ka tanadi kebul Cat5e ko Cat6, kawunan RJ45 (kan roba da ake matsawa a bakin kebul), filayar matsawa da testa, wato na'urar gwada waya. Kawunan ka saya da rara, don sai ka ɓata wasu. Kebul kuwa na jan ƙarfe zalla za ka nema. Mai arhar nan da ake rubuta wa CCA alminiyam ne aka lulluɓe da jan ƙarfe. Kankare silinsa da wuƙa za ka ga fari a ciki. Yana saurin karyewa, arharsa ba riba ba ce. Kada tsawon waya ɗaya ya wuce mita 100.

Fere bawon kebul kamar santimita 3, a hankali, kada wuƙa ta taɓa na ciki. Za ka ga siloli takwas a murɗe biyu-biyu. Warware su, ka miƙar da su da yatsa, sannan ka jera su daga hagu zuwa dama bisa tsarin T568B: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa.

A nan sababbin hannu ke faɗuwa. Sukan ce ai launi ba kome ba ne muddin gefe biyun sun zo iri ɗaya, sai su jera kowane launi kusa da ɗan'uwansa. Ƙaramar testa za ta kunna fitilu takwas lafiya lau, amma wayar ta lalace. Dalili shi ne rami na 3 da na 6 na kan RJ45 dole su samu silolin da aka murɗe tare, wato koren da farinsa, domin murɗin ne ke kashe hayaniyar lantarki. Idan aka raba su, gajeriyar waya za ta yi aiki, doguwa kuwa sai jinkiri da yankewa. Don haka ma kada abin da ka warware ya wuce milimita 13 bayan ka datse bakin silolin daidai wa daida.

Riƙe kan, ƙarafunan zinariya na kallonka, maƙallin yana ƙasa. Tura siloli har ka hangi bakin kowanne a ƙarshen roba, bawon kebul ma ya shiga ciki don filaya ta danne shi. Sake duba jerin kafin ka matsa, don kan da aka matsa ba ya gyaruwa, sai dai a yanke. Ɗaya gefen ma haka.

Wajen ja, ka nisanta kebul da wayar wuta, ka sa shi a bututu saboda ɓera da zafin rana. Soka a rauta, ka bar DHCP, wato tsarin da ke cikin rauta mai ba kowace na'ura adireshinta na sadarwa, ya raba adireshi da kansa. Firinta kaɗai za ka ba adireshi tsayayye. Daga nan ka buga ping, umarnin gwada ko sadarwa na isa, da adireshin rautar, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Idan gudun ya tsaya a 100 Mbps alhali na'urorinka na gigabit ne, wato 1000 Mbps, akwai silin da bai kama ba. Yanke kan ka sake.