Kiwon murjani a Damagaram: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Murjani mai rai, wato halittar nan da ke manne wa duwatsu a ƙarƙashin ruwa, ya saba da teku, inda gishirin ruwa da ɗuminsa kusan ba sa motsi daga safe har dare. Mu kuwa a Damagaram ga bazara mai haura digiri 40, ga hunturu mai shanye ruwa, ga wutar lantarki da kan ɗauke lokacin da aka fi buƙatarta. Duk wanda ya ajiye murjani a akwatin gilashi a nan, babban aikinsa shi ne hana ruwan nan sauyawa farat ɗaya. Kusan duk asarar da ake yi daga nan take farowa.

Ruwa da gishiri

Kuskuren farko shi ne a ɗebo ruwan famfo ko na ƴan ga-ruwa, a zuba masa gishirin miya ko na Bilma, a ce an sami ruwan teku. Gishirin ci bai da kalsiyom da magneziyom da kabonet a ma'aunin da murjani yake gina ƙashinsa da su. Sai gishirin da aka haɗa musamman don akwatin murjani. Ruwan famfo da na rijiya kuma sukan zo da kulorin, ko nitiret, ko fosfet, ko ɓurɓushin ƙarfe. Mutum zai sha bai ji komai ba, amma murjani zai tsuke, gansakuka ta rufe gilashi da duwatsu.

Gyaran shi ne matatar RO/DI, wato na'urar da ke tace duk abin da ya narke a ruwa, tare da ɗan ma'aunin TDS, mai nuna yawan abin da ya rage a narke. Ruwan da ya fito ya nuna 0. In ya fara nuna 2 ko 3, sinadarin matatar ya gaji. A san da cewa matatar tana zubar da lita 3 zuwa 4 kafin ta ba da lita 1 mai kyau, kuma a garin da ruwa ke da daraja irin namu wannan ba ƙaramin abu ba ne. A tare shi a yi wanki ko ban ruwan shuka. In ruwan famfo bai da ƙarfi, a tara a tanki a sa ƙaramin famfon tura ruwa. Jarkar ajiya kuwa sabuwa za a saya, ba wadda ta taɓa ɗaukar mai ba.

Gishirin ya tsaya a kashi 35 cikin 1000, wato 1.025 zuwa 1.026 a kan rifiraktomita, ɗan ma'aunin gishirin ruwa. Gishiri ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan gishiri ba, a bar famfo yana juya shi ya kwana kafin a yi amfani da shi.

Cike gurbin ruwan da iska ta sha

Wannan ne kuskuren da ya fi kashe murjani a ɓoye. Ruwa ya ragu, mai kiwo ya haɗa ruwan gishiri ya cike. Alhali iska ruwa kawai ta ɗauka, gishirin yana nan. A ce akwati mai lita 100 yana rasa lita 3 a rana. In aka riƙa cikewa da ruwan gishiri, kwana 10 ya isa ya kai gishirin daga 35 zuwa wajen 45. Ruwan RO tsantsa ake cikewa da shi, kullum, kaɗan-kaɗan. A ja layi da alƙalami a jikin gilashin, kada a bari ruwan ya sauka ƙasa da shi. Barinsa mako guda sannan a antaya lita 20 lokaci ɗaya shi ma ɓarna ne, don gishirin zai hau a hankali sannan ya faɗo cikin minti biyar.

Zafi

Murjani yana son digiri 25 zuwa 26, yana jure 24 zuwa 27. A cikin namansa akwai wasu ƴan mitsi-mitsin tsirrai, zuzantela, masu haɗa masa abinci da haske, su ne kuma ke ba shi yawancin launinsa. In ruwa ya zauna a 30 ko sama na kwanaki, sai ya fitar da su ya yi fari fat. Mutane da yawa a nan suke jefar da shi, kuma kuskure ne. A duba da kyau: in har akwai siririn nama a kan ƙashin, ko ƴan bakunansa suna leƙowa da dare, da ransa. A sauke zafin, a rage haske, a ba shi makonni. Wanda ya mutu shi ne wanda naman ya saluɓe, ƙashin ya fara yin kore.

Busasshiyar iskarmu tana da amfani a nan. Ƙaramar fanka mai hura saman ruwa tana rage digiri 2 zuwa 3, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Sai a cire murfin gilashi a sa raga, a kuma shirya wa ƙarin cikon ruwa. A mai da lokacin fitila zuwa dare, awa 8 zuwa 10, don kada zafinta ya haɗu da na azahar. Kada a jingina akwatin da bangon yamma ko kusa da taga. Amma gaskiya, a Afrilu da Mayu, a ɗakin kwano marar silin, fanka kaɗai ba za ta riƙe 27 ba. Wanda ba zai iya tanadar injin sanyaya ruwa ko na'urar sanyaya ɗaki ba, gara ya dakata da sayen murjani.

Kada a jefa ƙanƙarar kasuwa kai tsaye cikin ruwan: tana tsarma gishiri, tana shigo da duk abin da ke cikin ruwan da aka daskarar. In abu ya ƙure, a daskarar da ruwa cikin gora a rufe bakinta tam, a sauke zafin a hankali, kada ya wuce digiri 1 a awa.

Ƙaramin akwati mai lita 30 yana da sauƙin saye, amma yana bin zafin ɗaki nan take. Mai lita 150 zuwa 200 ya fi haƙuri. Daren Disamba da Janairu kuma yana buƙatar hita a saita a 25. Ana yawan mantawa da wannan.

In an ɗauke wuta

Hankalin mutane kan tafi ga fitila. Murjani zai yi kwana biyu ko uku ba haske bai lalace ba. Abin da ba ya jira shi ne motsin ruwa. Ruwa mai ɗumi bai riƙe iskar shaƙa da yawa, kuma in ya tsaya cik, cikin ƴan awoyi kifi zai fara haki a sama. Saboda haka batir da faifan sola su fara ɗaukar famfon kaɗa ruwa mai aiki da wutar batir, sai fanka, sannan fitila. In babu komai a hannu, a riƙa kamfatar ruwan da kofi mai tsabta ana kwararo shi daga sama a kai a kai.

Gaggawa

Sabon akwati yana buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin bakteriya da ke mai da amoniya (gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci) nitirit, nitirit kuma nitiret, su kafu a duwatsu. Sai gwaji ya nuna amoniya da nitirit sun koma 0 sannan a sa rai a ciki. A fara da masu taushi irin su Sarcophyton da Discosoma. Acropora, mai tauri da wuyar kiwo, a bar shi sai akwatin ya kusa shekara.

Sabon murjani ya kwana a leda cikin duhu, ba a ɗora shi ƙarƙashin fitila mai ƙarfi. A ajiye shi a ƙasan akwati, a rage hasken zuwa rabi, a ɗaga shi a hankali cikin mako 2 zuwa 3. A bar tazara tsakaninsu, don wasu suna miƙa hannu da dare su ƙone maƙwabci.

Haka batun sinadarai. Alkaliniti, wato yawan kabonet da ke cikin ruwan, ya zauna 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH, kalsiyom miligiram 400 zuwa 450 a lita, magneziyom 1250 zuwa 1350. Abin da ba a gwada ba, kada a ƙara shi. In alkaliniti ya sauka, giram 3 na bikabonet (bakin soda) a lita 100 yana ɗaga shi da dKH 1, kuma kada a wuce haka a rana ɗaya. Kanwa ba ta maye gurbinsa, don ba a san me ke gauraye a cikinta ba. Wanke ruwa har nitiret da fosfet su koma 0 shi ma yunwa ce ga murjani; nitiret miligiram 2 zuwa 10 a lita da fosfet 0.03 zuwa 0.1 sun yi daidai. Sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako ya wadatar.

Gubar da ke cikin ɗaki

Feshin maganin sauro da hayaƙin igiyar sauro suna sauka a saman ruwa, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kashe jatan lande da sauran ƙananan halittun akwatin. Ɗakin da akwatin yake, a dogara da gidan sauro da ragar taga. Turaren wuta ma a kai shi wani ɗakin. Hannun da ke da man shafawa, sabulu ko turare, a ɗauraye shi da ruwa zalla kafin a tsoma. Tagulla da jan ƙarfe kada su taɓa ruwan ko kaɗan, har da maganin kifi mai ɗauke da jan ƙarfe. In an yi zargin guba ta shiga, a sauya rubu'in ruwan a sa gawayin tacewa na akwatin kifi, ba na girki ba.

Shi ma mai kiwon ya kiyaye kansa. Wasu nau'o'in murjanin Palythoa da Zoanthus suna da dafi mai tsanani. A sa safar hannu da tabarau in za a yanka ko a kankare su, kuma kada a taɓa tafasa dutsen da suka zauna a kai, don tururin yana shiga huhun duk wanda ke cikin gidan, har da yara.